Muryar Don Williams da faya-fayansa: daga ina mai sauraro zai fara?

Wani matashi ya aiko mini da tambaya. Ya ce marigayi mahaifinsa yana da wani kaset na Don Williams, mawaƙi ɗan Amurka, da ba ya raba shi da mota, kuma waƙoƙi uku ne suka zauna masa a kai tun yana yaro: "You're My Best Friend", "Some Broken Hearts Never Mend" da "I Believe in You". Yanzu da ya girma ya duba intanet, ya tarar da faya-fayai fiye da 20 da sunan mutumin. Yana so ya san wanne zai fara saurara, ko mawaƙin shi ke rubuta waƙoƙinsa, da kuma ko akwai gaskiya a maganar abokansa da ke cewa duk waƙoƙin iri ɗaya ne, wanda ya ji ɗaya ya ji duka.

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Tambayarka ta taɓa ni, ɗana, domin na yi shekaru ina aikin sauti a gidan rediyo, a zamanin da kusan babu makon da zai wuce ba a nemi waƙar mutumin nan ba a shirin gaishe-gaishe na Turanci. Na ɗora allura a kan faya-fayansa sau ba adadi, na kuma zauna da na'urar sauraro a kunne ina bin muryarsa kalma bayan kalma, don haka zan ba ka amsa gwargwadon abin da kunnena ya tara.

Bari in fara da kaset ɗin. Waƙoƙi ukun da ka ambata ba su taɓa zama a faifai ɗaya na asali ba. Ta farko ta fito a 1975, ta biyu a 1977, ta uku a 1980. Ke nan abin da mahaifinka ke sakawa tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi ne, irin wanda kamfani ke haɗawa, ko wanda masu ɗaukar kaset a kasuwa ke tsinto wa mutum daga nan da can. Yawancinmu a ƙasar nan ta wannan hanya muka san Williams, kuma daga nan ne maganar abokanka ta samo tushe. Idan aka tsamo waƙoƙin soyayya masu sanyi guda 20 daga aikin shekara 15 aka jera su, dole su yi kama da juna. Faya-fayan asali sun fi haka faɗi.

Ɗan tarihinsa kaɗan zai taimaka maka ka gane muryar. An haife shi ranar 27 ga Mayu 1939 a Floydada ta jihar Tekzas a Amurka, ya tashi a Portland kusa da Corpus Christi, mahaifiyarsa ce ta koya masa kaɗa jita. Bayan ya yi aikin soja, a 1964 ya kafa wata ƙungiya mai suna Pozo-Seco Singers tare da Susan Taylor da Lofton Kline. Ba kantiri suke yi ba, wato salon waƙar karkarar Amurka da aka san shi da shi daga baya. Irin waƙar gargajiyar Turawan Amurka suke yi, wadda ake rera ta a hankali da jitar katako, muryoyi uku suna tafiya tare ba mai danne wani, kuma waƙarsu "Time" ta yi tashe a 1966. Da ƙungiyar ta watse ya bar waƙa ya koma sayar da kayan ɗaki, sannan ya je Nashville, birnin da ke cibiyar waƙar kantiri, ya kama aikin rubuta waƙa a kamfanin Jack Clement. Sai da ya kai shekara 33 zuwa 34 kafin ya fitar da faifansa na farko shi kaɗai. Riƙe wannan: magidanci ne da mata da 'ya'ya ya shigo waƙar kantiri, kuma ya shigo ta ƙofar da aka koya masa cewa mawaƙi yana rage murya don a ji na kusa da shi.

Yanzu ga muryar, domin a nan ne duk maganar take.

Muryarsa mai kauri ce, tana zaune ƙasa-ƙasa, amma kaurin ba shi ne abin mamaki ba, maza masu kaurin murya suna da yawa. Abin lura shi ne inda yake ajiye ta. Kowane mutum yana da wani yanki na muryarsa da yake hira da shi idan hankalinsa a kwance yake, kuma yawancin mawaƙa suna barin wannan yanki da zarar an fara kiɗa, su hau sama, domin can ne murya ke da ƙarfi da kaifi. Williams yakan zauna a wurin hirar tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Idan waƙar ta zo gaɓar amshi, inda kowa ke jiran mawaƙi ya buɗe maƙogwaro, shi ɗan ɗagawa kawai yake yi, kamar mai magana da ya zo kan kalmar da yake so ka riƙe. Saurari "You're My Best Friend" da wannan a ranka. Nisan da ke tsakanin baiti da amshi ɗan ƙarami ne ƙwarai, amma za ka ji amshin ya iso.

Mutane da yawa suna ɗauka wannan sauƙi ne. Duk wanda ya taɓa tsayar da mawaƙi gaban makirufo ya san ba haka ba ne. Rera waƙa da ƙarfi yana ɓoye aibi, domin iska mai yawa tana tallafe sautin. Idan ka rage ƙarfi, sai numfashi ya fara rawa, sautin ya riƙa zamewa ƙasa, ƙarshen kalma ya mutu kafin lokacinsa. Mai waƙa a hankali yana buƙatar riƙon numfashi fiye da mai ihu. A faya-fayan Williams za ka bi dogon layi har ƙarshe ka tarar sautin yana nan daram inda ya fara, da ɗan karkarwa kaɗan a wutsiyarsa, wadda sai ka kasa kunne za ka ji. Akwai kuma abin da mu masu aikin sauti muka sani: idan mai murya ya matso kusa da makirufo, kaurin muryar yana ƙaruwa, ana jin motsin leɓe da fitar numfashi. Shi ya sa mai sauraro ke jin kamar mutumin a kujerar gefensa yake zaune. Ina da yaƙinin wannan na cikin abin da ya sa mahaifinka ya mai da shi abokin tafiya a mota.

Sai kuma adon da ya ƙi ɗauka. Waƙar kantiri tana da salon kuka da ta gada. Hank Williams, wanda suna kawai suka haɗa ba dangantaka, yakan tura sauti ta hanci ya karya murya a tsakiyar kalma kamar mai shessheƙa. George Jones yakan kama gaɓa ɗaya ya murɗa ta, ya ja ta sama ya dawo da ita ƙasa kafin ya sake ta. Waɗannan gwanaye ne na gaske, ina girmama su. Don Williams ya ajiye duk wannan gefe. Gaɓa ɗaya, sauti ɗaya, yawanci ke nan. Wanda ya fi kusa da shi a cikin na gabansa shi ne Jim Reeves, wanda iyayenmu suka so kafin shi, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1964. Amma ka haɗa su ka ji. Reeves ya yi aikin sanarwa a rediyo, kuma muryarsa a goge take sumul, kowace kalma an yi mata guga. Ta Williams tana da ɗan kaushi kamar katakon da ba a shafa wa fenti ba, kuma harshensa na mutanen Tekzas yana nan bai wanke shi ba. Reeves na jin kamar baƙo mai daraja da ya zo gidanka da kwat. Williams kuwa maƙwabcinka ne da kuka saba zama a dakali bayan isha'i.

Wani abin da na daɗe ina lura da shi shi ne zamansa a kan kari. Ba ya rige-rige da ganga. A kunnena yakan shigo ɗan bayan bugun, da ƙiris, kamar wanda ya san ba inda waƙar za ta je ta bar shi. Wannan ɗan jinkiri shi ke kwantar wa mai sauraro da hankali ko da kiɗan yana da sauri. Ga kuma fitar kalmomi. Ba ya haɗiye harafi. Mutumin da iyakar Turancinsa na makarantar sakandare ne zai iya bin waƙarsa daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ya nemi a rubuta masa ba, kuma kalmomin da kansu na yau da kullum ne.

Abu na ƙarshe game da muryar shi ne wanda ya fi mini muhimmanci. Ba ya wasan kwaikwayo da baƙin ciki. Ɗauki "Some Broken Hearts Never Mend" da ka ambata. Maganar waƙar mai nauyi ce, mutum ne da rabuwa ta bar masa ciwon da ya san ba zai warke ba, yana tashi da shi kowace safiya. Amma kiɗan yana tafiya da ɗan tsalle, muryar kuma tana ba da labarin a natse, ba kuka ba roƙo. Mai sauraro shi ke cike gurbin da abin da ke cikin zuciyarsa. A ganina wannan ne ya sa ya shiga ran mutanenmu fiye da mawaƙan da suka fi shi suna a Amurka. Mu mutane ne da aka yi wa tarbiyyar kawaici, namiji ba ya tallar ciwonsa a bainar jama'a, kuma ba ya zuba wa matarsa kalaman so gaban mutane. Sai ga wani dogon Bature mai gemu da tsohuwar hula yana faɗin waɗannan abubuwa cikin kunya da dattako, yana yabon matar aure da riƙon amana da haƙuri. Magidanci zai iya saka shi gaban 'ya'yansa bai ji nauyi ba. Shi kansa ya auri matarsa Joy a 1960, suna tare har ya rasu, kuma laƙabin da aka yi masa, Gentle Giant, ma'anarsa ƙato mai sanyin hali.

To, wanne faifai za ka fara da shi? Amsata ba ta da kwana: Don Williams Volume One na 1973. Ƙaramin kamfanin Jack Clement mai suna JMI ne ya fitar da shi, Allen Reynolds ya shirya shi, mutumin da daga baya ya shirya faya-fayan Crystal Gayle da na Garth Brooks. Ka san halin da Nashville take ciki a lokacin. Manyan kamfanoni suna lulluɓe mawaƙi da gungun masu goge da 'yan amshi, sauti ya cika ɗaki har ba masaka tsinke. A ɗaya gefen kuma su Waylon Jennings da Willie Nelson suna tayar da ƙura, suna neman 'yancin yin kiɗa mai kaushi da ƙarfi. Williams da Reynolds suka bi wata hanya ta uku, suka kwashe kaya daga ɗakin. Jitar katako, jitar bes a hannun Joe Allen, Lloyd Green da jitar ƙarfe wadda ake kwantarwa a ja ɗan ƙarfe bisa tsirkiyarta, sai Kenny Malone a kan ganguna. Malone ya cancanci a tsaya a kansa. Maimakon ya riƙa dukan ganga da sanda, sau da yawa shafa ta yake yi da 'yar tsintsiyar waya ko ya taɓa ta da tafin hannu, sai bugun ya zama kamar takun mai tafiya a ƙasa mai laushi. Ganga mai ƙarfi da ta cinye murya irin ta Williams. Wannan taku mai laushi shi ne rabin abin da mutane ke kira sautin Don Williams, kuma yawancin masu sonsa ba su taɓa jin sunan mai gangar ba.

A wannan faifai akwai "The Shelter of Your Eyes", wadda shi ya rubuta, akwai "Come Early Morning", da "Amanda", da "I Recall a Gypsy Woman". Zauna da "Amanda" sosai. Bob McDill ne ya rubuta ta, tana tafiya a kan kari mai bugu uku-uku, kuma maganar makaɗi ce da shekaru suka fara ja, yana duban matarsa yana ganin ta cancanci rayuwar da ta fi wadda ya iya ba ta. Waylon Jennings ma ya rera ta, tasa ce ta kai matsayi na ɗaya a 1979. Ka saurari biyun a jere. Jennings yana rera ta da ƙirji, kana jin nadama tana tafasa. Williams yana faɗin ta kamar abin da ya daɗe da yarda da shi, kuma ni tasa ce ta fi yi mini ciwo.

Volume Two na 1974 ɗan'uwan na farko ne, ɗaki ɗaya, hannu ɗaya, a ciki akwai "We Should Be Together" da "Atta Way to Go". Idan na farko ya yi maka, wuce kai tsaye zuwa gare shi. Daga nan ya koma kamfanin ABC/Dot, ya fitar da Volume III a wannan shekarar, inda "I Wouldn't Want to Live If You Didn't Love Me" ta zama waƙarsa ta farko da ta kai matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri. Jimilla 17 ya samu a rayuwarsa.

Daga 1975 zuwa 1978 faya-fayan suka riƙa zuwa a jere: You're My Best Friend, Harmony a 1976, Visions da Country Boy duka a 1977, sai Expressions a 1978. Nan ne zuciyar aikinsa, kuma nan ne mafi yawan waƙoƙin da ke yawo a kasuwanninmu suka fito. Ɗakin ya ɗan ƙara kaya, an fara jin goge a bayan murya da piyano, amma a nesa, ba su taɓa shiga gabansa ba. A cikinsu na fi son Harmony, saboda "Till the Rivers All Run Dry" da "Say It Again". Visions ne gidan "Some Broken Hearts Never Mend". A Country Boy ya ɗauko wata tsohuwar waƙa, "I'm Just a Country Boy", wadda Harry Belafonte ya rera tun shekarun 1950, ya rage mata gudu har ta kusa tsayawa, kuma idan kana son jin riƙon numfashin da na yi maka bayani, babu inda ya fi nan.

Expressions shi ne faifan da zan ce ka saka wa abokanka. A nan ne Garth Fundis ya zama abokin shirya masa faifai, haɗin da ya ɗauki shekaru masu yawa. A ciki akwai "Tulsa Time", wadda makaɗin jitarsa Danny Flowers ya rubuta. Waƙa ce mai sa ƙafa motsi, an gina ta a kan riƙon jita biyu kacal ana kai da komo tsakaninsu, kuma Williams yana hawa kanta da wannan natsuwar tasa, sai waƙar ta ƙara armashi. Shahararren makaɗin jita na Ingila Eric Clapton ya ɗauke ta ya saka a faifansa Backless a 1978. A shekarar ce kuma ƙungiyar masu harkar waƙar kantiri ta Amurka, CMA, ta zaɓi Williams gwarzon mawaƙin kantiri namiji. A Expressions ɗin dai akwai "Lay Down Beside Me" da "It Must Be Love", waƙoƙi biyu da ba su yi kama da "Tulsa Time" ba, ba su kuma yi kama da juna ba.

Wannan ya kawo mu kan tambayarka ta rubutu. Eh, yana rubutawa, kuma da alƙalami ya fara cin abinci a Nashville. "The Shelter of Your Eyes", "Atta Way to Go", "Lay Down Beside Me" da "Love Me Over Again" nasa ne. "Till the Rivers All Run Dry" shi da Wayland Holyfield suka haɗa ta, har Pete Townshend da Ronnie Lane na Ingila suka sake rera ta a 1977. Clapton ma ya saka waƙarsa "We're All the Way" a faifan Slowhand. Amma gaskiya ita ce mafi yawan manyan waƙoƙinsa wasu ne suka rubuta. Cikin ukun da ka ambata babu tasa ko ɗaya: biyun farko na Holyfield ne, ta ukun ta Roger Cook da Sam Hogin ce. Kada wannan ya rage masa daraja a idonka. A Nashville rubuta waƙa sana'a ce mai zaman kanta, marubuta suna kai kayansu ga mawaƙa kamar yadda masaƙi ke kai wa maɗinki. Gwanintar Williams tana wajen zaɓe. Ba ya ɗaukar waƙar da ba zai iya faɗin maganarta da bakinsa a zaune ba, shi ya sa da wuya ka ji shi yana alfahari da giya ko neman mata ko faɗa, abubuwan da suka cika waƙar kantiri ta lokacin. Marubuta daban-daban ne, amma idan ka jera waƙoƙin sai ka rantse mutum ɗaya ne ya rubuta su, domin rariya ɗaya suka bi.

Mafi girman abin da wannan zaɓe ya haifar yana cikin Portrait na 1979, bayan kamfanin MCA ya saye ABC. Ina nufin "Good Ole Boys Like Me", ita ma ta Bob McDill. Ba waƙar soyayya ba ce. Mutum ne daga kudancin Amurka yake tuna yarintarsa: uba mai riƙe da littafin addini alhali yana fama da shaye-shaye, muryoyin masu gabatar da shiri a rediyo cikin dare, littattafan da ya karanta, abokin da ya lalace, da yadda shi ya koyi magana irin ta masu karanta labarai don ya fita daga inda aka haife shi. Tambayar da ke ƙarƙashinta ita ce me za a yi da irinsu, waɗanda suka bar gida amma gida bai bar su ba. Duk ɗan ƙauyen da boko ya kai shi birni zai gane wannan ciwo. Waƙar ta tsaya a matsayi na biyu a 1980, amma a wurina babu wadda ta kai ta a duk abin da ya rera. Baitocinta dogaye ne, kalmomi sun yi yawa a kowane layi, kuma mawaƙi mai son ado da ya shaƙe su. Sai murya irin tasa, mai ba kowace kalma wurin zamanta.

I Believe in You na 1980 shi ne faifansa da ya fi karɓuwa a kasuwa, kuma waƙar da ke ɗauke da sunan ta tsallaka daga jadawalin kantiri ta kai ta 24 a babban jadawalin Amurka. Especially for You na 1981 ya biyo baya da "Lord, I Hope This Day Is Good", addu'ar mutum ce mai jin an manta da shi, yana roƙon Ubangiji alherin yini ɗaya kawai, da kuma "If I Needed You" ta Townes Van Zandt wadda suka rera da Emmylou Harris. Saurari wannan ta biyun don ka ji yadda yake zama ƙasa ya bar muryar mace ta yi sama, darasin da ya koya tun zamanin Pozo-Seco.

Yanzu zan ba abokanka haƙƙinsu. Daga 1982 zuwa gaba, a Listen to the Radio, Yellow Moon, Cafe Carolina, har zuwa New Moves na 1986 wanda ya ba shi waƙarsa ta ƙarshe a matsayi na ɗaya, "Heartbeat in the Darkness", salon ya fara maimaita kansa. Kayan kiɗan lantarki na wancan zamani sun shigo, gangar ta ƙara tauri, kuma wannan sauti ya tsufa fiye da na 1973. Akwai waƙoƙi masu kyau a ciki, "If Hollywood Don't Need You" da "Love Is on a Roll" misali, amma a matsayin faifai cikakke ba zan tura sabon mai sauraro can ba. Haka nan na kamfanin RCA, One Good Well, True Love da Currents, tsakanin 1989 da 1992, sai ka riga ka shaƙu da shi. Kuma gaskiya ne cewa filin maganarsa ba shi da faɗi sosai, so ne da aure da kewar gida da imani. Wanda ke neman mawaƙi mai sauya kama kowace shekara ba zai same shi a nan ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wanda ya ji ɗaya ya ji duka. Ka jera musu "Amanda", "Tulsa Time", "Good Ole Boys Like Me" da "Lord, I Hope This Day Is Good", ka tambaye su wace ce ta yi kama da wace.

A lokacin da gidajen rediyon Amurka suka juya wa tsofaffin mawaƙa baya a shekarun 1990, masoyansa na waje ne suka riƙe shi. Ingila ta karɓe shi tun 1976, lokacin da "I Recall a Gypsy Woman" ta shiga manyan waƙoƙin ƙasar. A 1997 ya zo Afirka ya yi wasa a Harare ta Zimbabuwe, aka ɗauki wasan aka fitar da shi da sunan Into Africa. Idan ka samu, kalla, ka ga yadda jama'a ke rera masa waƙoƙinsa kalma bayan kalma, shi kuma yana nan da jitarsa da hularsa ba tsalle ba rawa.

Ya yi ban kwana da dandali a 2006, ya dawo a 2010, shekarar da aka shigar da shi zauren girmamawa na Country Music Hall of Fame. Dawowar ta haifi faifai biyu a kamfanin Sugar Hill, kuma ina roƙonka kada ka tsallake su. And So It Goes na 2012 ya zo da baƙi, Alison Krauss da Vince Gill da Keith Urban, kuma waƙarsa da Krauss, "I Just Come Here for the Music", ta shiga takarar lambar Grammy. Reflections na 2014 shi ne faifan sutudiyo na ƙarshe da ya fitar yana raye. Fundis ya sake kwashe kaya daga ɗakin, aka koma kusa da inda aka fara. Yana da shekara 74 a lokacin. Muryar ta ƙara sauka, ta ƙara kaushi, numfashin ya ɗan gajarta. Amma da yake bai taɓa gina waƙarsa a kan hawa sama ba, tsufa bai tarar da abu mai yawa da zai ƙwace masa ba, alhali da yawa daga tsararrakinsa masu ƙarfin maƙogwaro sun riga sun kasa kai inda suke kaiwa da. Ya daina wasa gaba ɗaya a 2016, ya rasu ranar 8 ga Satumba 2017 a Mobile ta jihar Alabama sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 78.

Ga yadda zan so ka bi su. Fara da Volume One, ka saurare shi daga farko zuwa ƙarshe ba tsallake, sau biyu ko uku, da daddare, da na'urar kunne ko lasifika mai fitar da kauri, domin ƙaramar lasifikar waya tana yanke ƙasan muryarsa, kuma a ƙasan ne daɗin yake. Sai Volume Two, sai Harmony, sai Expressions da Portrait. Bayan nan ka shiga faya-fayai ukun da waƙoƙin mahaifinka suka fito, ka ji kowace a tsakiyar 'yan'uwanta da aka haife su tare. Reflections ka bar shi ƙarshe. A cikinsa akwai "I'll Be Here in the Morning", ita ma ta Townes Van Zandt. Idan ta ƙare, koma kai tsaye ka saka "The Shelter of Your Eyes" ta faifan farko, shekara 41 ke tsakaninsu, ka kasa kunne ga wurin da yake jan numfashi a kowace.